Baƙin mai, ƙura da ɓera: hira kan tsabtar sito da masana'anta a Kumasi

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zango, na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da masu jin mu daga Nima har Tamale. Yau ma ina tare da Mma Hajiya, mai siton masara da wake, da Kawu Masta, wanda ya yi furfura a cikin injuna a Suame Magazine, unguwar makanikai. Mma, Kawu, barkanku da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, 'yata.

Masta: Yawwa Auta. Allah ya yi albarka.

Auta: Amin. Zancen tsabta ne yau, ta manyan ɗakunan ajiya da masana'antu. Kawu, in ka shiga kamfani a Kaase ko Asokwa ka ga daɓe yana ƙyalli, an wanke shi tas da tiyo, ai sai ka ce aiki ya yi kyau ko?

Masta: Ni ba daɓen nake fara kallo ba. Bayan gini nake zagayawa in ga inda ruwan wankin ya bi. In gota ya faɗa da mai da kumfa a kansa, to ba a tsabtace komai ba, an dai tura wa maƙwabta dattin. Gotocin garin nan rafi suke shiga. Subin da Aboabo su zuba a Sisa, Sisa ta kai Oda. A bakin rafukan nan akwai masu lambu da ke ban ruwan latas da kabeji da albasa mai ganye.

Hajiya: Latas ɗin da ake yanka mana a kan shinkafa da wake da safe.

Masta: Shi fa, Hajiya. Ruwan famfonmu kuma daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, rafukan da ke cika Owabi kuwa unguwanni suke ratsawa kafin su isa madatsar.

Auta: Mu da muka tashi a bakin rafin Aboabo ba sai an ba mu labari ba. Ruwan sama kaɗan, warin ya shigo har ɗaka. Mutanen Accra kuma ba za su manta da 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya ta haɗu da man fetur a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle, wuta ta bi saman ruwa, mutum sama da 150 suka rasu.

Hajiya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu.

Masta: Amin. Shi mai haka yake, ba ya nitsewa, sama yake yi ya bazu. Gwangwani ɗaya na baƙin mai ya isa ya rufe fuskar kududdufi. Shi ya sa nake ce wa yarana, in mai ya zube kada wanda ya taɓa bokiti. A yayyafa garin katako, a bar shi ya tsotse, a share, a zuba a duro mai murfi. Garin katako kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a Sokoban wurin kafintoci. Sai an gama wannan, in akwai saura, a goge da tsumma da ɗan sabulu.

Auta: Duron fa in ya cika? Kar dai a ce ƙonawa za a yi.

Masta: A'a, hayaƙinsa guba ne, akwai ƙarafa da suka narke a cikin man. Ba a kuma haɗa shi da bolar gida a miƙa wa mai aboboya, babur mai ƙafa uku na kwashe shara. Akwai masu karɓar irin wannan shara da EPA, hukumar kare muhalli, ta ba lasisi. A 2016 an kafa doka mai lamba 917 kan shara mai haɗari da ta kayan lantarki. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu zuba baƙin mai a ƙasa don kwantar da ƙura, ko a masai don kashe wari. Yana sauka ƙasa, maƙwabci kuma yana da rijiya.

Hajiya: To Masta, wani injin ai dole a wanke shi da ruwa.

Masta: Dole. Sai a yi wa wurin wankin daɓen siminti da ɗan gangare, ruwan ya tafi rami mai ɗakuna uku. A na farko yashi da laka su kwanta. A na biyu mai ya taso sama, bututun da ke wucewa gaba kuma daga ƙasa yake ɗiban ruwa, don haka man ya maƙale, a riƙa kwashe shi. Na uku ya ƙara tacewa. Birkila na unguwa zai gina maka shi. Sai dai ga inda mutane ke ɓata aikin: in ka zuba omo da yawa, ko maganin nan mai ƙarfi na cire maiƙo, sai ya narkar da man cikin ruwa ya zama fari kamar madara, ya wuce ramin gaba ɗaya bai tsaya ba.

Auta: Wato yawan sabulun ne ke kashe ramin.

Masta: Shi ne. Ruwan batir ma haka, asid ne, ga dalma a ciki. In ya zube a barbaɗa garin kanwa, za ka ga yana tafasa, in ya lafa a kwashe. Tsohon batir kada yaro ya fasa shi da guduma.

Auta: Mma, mu dawo sito. Ke mai ba ya damunki.

Hajiya: Ni abokan gabana uku ne, 'yata: danshi, ƙwari, ɓera. Kuma duk ukun ƙazanta ce ke gayyato su. Kafin sabuwar masara ta iso daga Techiman ko Ejura, sai na fitar da komai. A share daga rufi zuwa ƙasa, a bi kusurwa da tsagar bango, don ƙwaron bara a nan yake laɓewa yana jiran sabon kaya. A toshe ramuka da siminti, a sa wa taga raga. Buhu ba ya taɓa ƙasa, kan katako yake hawa, kuma ba ya jingina da bango. Ana barin hanyar da mutum zai zagaya tarin da tocila. Ƙwayar da ta zube a share ta ranar. Ɓeran da bai sami abinci da maɓoya ba, tarko da kyanwa sun ishe shi, ba sai an watsa guba ba kajin maƙwabta su tsinta.

Auta: Danshin fa? Garin nan damina biyu gare mu.

Hajiya: Nan ne hatsarin da ido ba ya gani. Masara in ba ta bushe ba fumfuna ke kama ta, wani fumfunar yana haifar da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. Kokon da yara ke sha da safe daga masarar nan yake. Masana sun ce danshin kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo ya sami busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ya zuba masarar ciki ya girgiza, ya ajiye kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mai da masara rana.

Masta: Hajiya, ki yi maganar ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake sa wa buhuna.

Hajiya: Ita nake son kaiwa, don tana tsorata ni. Ƙwayar nan in ta sha danshin iska, gas take fitarwa mai suna fosfin. Yana kashe ƙwaro, yana kashe mutum. A 2018 a Accra yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irinta a ɗaki. Aikin ƙwararru ne, a rufe kaya da tamfol a liƙe, babu mai kwana kusa. Mu kuwa a zango, sito bango ɗaya ne da ɗakin kwanan wani, wani sa'in ma mai gadi a ciki yake shimfiɗa tabarma. Don Allah 'yan'uwana 'yan kasuwa, mu ji tsoron Allah a kan wannan.

Auta: To wake fa, Mma? Kowa ya san wata biyu ya isa ƙwari su mai da shi gari.

Hajiya: Buhun PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba digon magani. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ɓullo da shi, da wake ma aka fara. Ya fi buhun gargajiya tsada, gaskiya ne, amma in leda ba ta huje ba za ki sake amfani da shi baɗi. Mai saye kuma in ya buɗe ba ya jin warin magani.

Auta: Akwai waɗanda nake son mu tuna da su, masu sharar kansu. Yawanci mata ne da samarin da suka zo ci-rani daga arewa. Ana miƙa musu jarka babu rubutu a ce su wanke bayi. Wani ya haɗa bilic da maganin wankin masai mai asid don ya fi ƙarfi, gas ɗin kulorin ya tashi a ɗaki a rufe. Bilic ruwa kawai ake haɗa shi da shi. Wurare da yawa ma ba sa bukatarsa, sabulun salo da buroshi sun wadatar.

Hajiya: Da hunturu kuma a ɗan yayyafa ruwa kafin shara, a ba su takunkumi. Ƙurar hatsi da ta siminti ƙirji suke ci. Ni dai a cikin siton hatsi ba na yarda da ruwa, sai a farfajiya.

Masta: Ruwan ma ba sai na famfo ba. Ku dubi faɗin kwanon manyan sitocin nan. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Kumasi na samun kusan milimita 1,400 a shekara. Rufi mai murabba'in mita 500 ke nan ruwan da ke sauka kansa ya kai lita 700,000. In aka sa indararo da tanki, an sami na wanki, an kuma rage wanda ke kwarara ya cika gota.

Auta: Kawu, masu ƙananan shaguna za su ce duk wannan na manyan kamfanoni ne, waɗanda EPA ta riƙa ba launi gwargwadon yadda suke kula da muhalli a shirinta na AKOBEN, daga ja zuwa ruwan zinariya.

Masta: Manya su yi nasu, hukuma ta matsa musu, ina goyon baya. Amma a Magazine mu dubbai ne. Shago goma a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su gina rami guda, su ajiye duro guda na baƙin mai. In mastoci suka yarda, yara za su bi.

Hajiya: Mu ma ƙungiyarmu ta 'yan hatsi in muka sayi buhunan nan a dunƙule, farashi zai sauko. Zan kai maganar zamanmu na gaba.

Auta: Allah ya ba da iko, Mma. Jama'a, wanda yake aikin shara a sito ko masana'anta, ya turo mana saƙon murya ya faɗa mana irin magungunan da ake ba shi da ko ana ba shi safar hannu. Mako mai zuwa da muryoyinku za mu buɗe shiri. Kawu, Mma, na gode.

Masta: Madalla.

Hajiya: A gai da mutanen gida.