Idan an ce miki “kin rame”

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro. Auta, saƙonnin makon nan kusan duk magana ɗaya suke yi.

Auta: “Kin rame.”

Yaya: Ita fa! Wata ta ce ana tsaka da gaisawa a taro, aka riƙe mata damtse, aka ɗan matsa, aka ce “lafiya kuwa? Kin zama kamar tsinke.” Duk aka juyo ana kallonta. Alhali wata uku ke nan da rasuwar mahaifinta, abinci ba ya wuce mata wuya.

Anti: Allah ya jiƙansa. Ai mai tambayar bai san abin da ya taɓo ba.

Yaya: Shi ne abin da ke ci min rai, Anti. Rama ba ta da dalili ɗaya. Akwai ciwon sukari, akwai tarin fuka, akwai damuwa, akwai shayarwa. Wata kuma likita ne ya ce ta rage ƙiba. Kun tuna Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Amurka? A 2020 ya saki bidiyo a Instagram ya rame, mutane suka yi ta yi masa ba'a. A watan Agusta na shekarar ya rasu yana da shekara 43. Ashe tun 2016 yake fama da kansar hanji, bai sanar da duniya ba.

Auta: Yaya, masu yabo fa? “Kin yi kyau yanzu.”

Anti: Wannan “yanzu” ɗin!

Auta: Da kenan fa?

Anti: Ni tela ce ta faɗa min. Na kai mata riguna ta rage, tana auna ni tana cewa “yanzu kam.” Ta auna ƙugu, “yanzu kam.” Ta auna kafaɗa...

Auta: “Yanzu kam!”

Anti: Har tsayin riga, wanda bai canja ba!

Yaya: To ku tsaya, kar telar nan ta cinye mana lokaci. Ni a ganina amsa gajeriya ta fi. “Alhamdulillahi, lafiya lau, na gode da kulawa. Ya yara?” Kin amsa, kin juya akalar zancen. In aka nace, “mene ne sirrin, ko Ozempic ne, allurar nan ta ciwon sukari mai rage ƙiba?”, sai ki ce, da fara'arki, “wannan tsakanina da likitana ne.” Ba dole ba ne ki buɗe wa kowa cikinki don ya tambaya.

Auta: In babba ce fa? Ba na iya ce wa Gwaggo haka.

Yaya: Ki ce “Gwaggo, ki sa ni a addu'a.” Ta ji kin girmama ta, ke kuma sirrinki na nan. Amma fa kar kunya ta rufe wani abu: in ba ki nemi ramar ba, kika zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinki cikin wata 6 zuwa 12, wato mai kilo 70 ta rasa uku da rabi, ki je asibiti a duba ki.

Anti: Mun ce za mu taɓo ɓangaren maza.

Auta: Lokaci ya tafi, Anti.

Yaya: Sai mako mai zuwa. Maza, ku turo naku saƙonnin, mun san ku ma ana faɗa muku.