Littattafan yara da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Mahmoud (ɗaya daga cikin iyayen da suka kai ƙara) da Taylor (shugaban makarantun gundumar da aka kai ƙara), inda alƙalai 6 suka ba iyaye gaskiya, 3 suka ƙi. Rigimar ta samo asali ne daga gundumar Montgomery ta jihar Maryland. A 2022 hukumar ilimi ta can ta shigar da wasu littattafan labarai cikin darasin Turanci, tun daga ajin rainon yara har aji biyar na firamare. A cikinsu akwai labarin wata 'yar ƙaramar yarinya da ta ce wa mahaifiyarta ita namiji ce, gidan kuma suka karɓe ta a haka.

Da farko ana sanar da iyaye, wanda bai so ba ya janye ɗansa. A watan Maris na 2023 hukumar ta soke wannan dama, ta ce masu janyewa sun yi yawa har karatu na rikicewa. Nan ne iyaye Musulmi da Katolika da mabiya cocin Orthodox suka haɗa kai suka garzaya kotu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar jagorar da aka ba malamai. In yaro ya ce ai wadda aka haifa mace ba ta zama namiji, an shawarci malama ta ce masa maganarsa na cutar da wasu, ta kuma bayyana masa cewa ranar haihuwa hasashe kawai mutane ke yi kan jinsin jariri, wani lokaci su dace, wani lokaci su kuskure. To ku dubi wanda ake gaya wa wannan. Yaro ne ɗan shekara biyar, ya tanƙwashe ƙafa a kan kafet, ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba. A wurinsa duk abin da malama ta faɗa ya zauna, ba shi da ma'aunin da zai gwada shi da abin da ya ji a gida. Ɗan sakandare zai iya ja da malami, wannan kuwa sai dai ya haɗiye.

Mai shari'a Sonia Sotomayor, ɗaya daga cikin alƙalai ukun da suka ƙi, ta yi gargaɗin cewa makarantun gwamnati za su shiga ruɗani, kuma damuwarta abin dubawa ce. Haka nan yaron da yake jin kansa daban bai cancanci tsangwama daga kowa ba. Sai dai hukuncin bai cire ko littafi ɗaya daga makaranta ba. Cewa ya yi a sanar da iyaye kafin a karanta, a kuma bar su su janye 'ya'yansu daga darasin har a kammala shari'ar.