Wando da takardar izinin 'yan sanda

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na rubuto kan yadda wando ya zama tufar yau da kullum ga matan Turai da Amurka. Huɗu na ce, ku riƙe min, don ni da lissafi ba ma ga maciji.

Na farko, doka. A watan Nuwamban 1800 shugaban 'yan sandan birnin Paris ya fitar da umarni: duk macen da ke son sa tufar maza sai ta je ofishinsa ta nemi izini a rubuce, ta kuma kawo shaidar likita cewa lafiyarta ce ta sa. Ku lura, ba a hana kwata-kwata ba, cewa aka yi ki zo ki karɓi takarda. Wando ya zama kamar bindiga ke nan, sai da lasisi! (dariya)

Akwai wata mai zane, Rosa Bonheur, dawakai da shanu take zanawa. Aikin nata sai ta shiga kasuwar dawakai da mayanka, ta tsaya cikin caɓi da jini tana kallon yadda tsokar dabba take. To ku ɗauko siket ɗin wancan zamani, mai sharar ƙasa, ga shimi kan shimi a ciki, ku shiga mayanka da shi. Yaya za a fito? Sai ta nemi takardar, aka ba ta. Akwai ta shekarar 1857 har yau a ajiye. Wata shida take aiki, sai a koma a sabunta. Wata shida fa! Kuma a jikin takardar an gindaya sharaɗi: ba za ta shiga gidan wasan kwaikwayo ko wurin rawa da wannan shiga ba. Ki taka kashin doki da wandonki, babu laifi, amma kada manya su gan ki da shi a taro. Kullum ina tuna ɗan sandan da ke zaune da hatimi, an ɗauke shi aiki ya kama ɓarayi, ga shi yana sabunta wa mata lasisin wando.

Kun san yaushe aka ce umarnin nan ya mutu? Sai 2013, lokacin da ministar harkokin mata ta Faransa, Najat Vallaud-Belkacem, ta bayyana cewa ba shi da sauran ƙarfi. An daɗe da daina aiki da shi, gaskiya, amma yana nan kwance a takarda shekara ɗari biyu da goma sha biyu da 'yan watanni. Wata shida, a sabunta... to, na bar takardar haka, na ga ana nuna min agogo.

Na biyu, a 1851 Amelia Bloomer ta tallata guntun siket da buhun wando a ƙarƙashi cikin jaridarta a jihar New York. Jaridu suka yi ta zanen ba'a, yara na bin masu sa shi a titi, har su kansu suka haƙura suka koma dogon siket. Hujja ba ta ci ba. Abin da ya fara ci shi ne keke, a shekarun 1890, saboda sarƙar keke ba ruwanta da ra'ayinki, in ta kama bakin siket ƙasa za ki sha.

Na biyu kuma... na ce na biyu? To na uku, yaƙi. Daga 1914 zuwa 1918, sannan 1939 zuwa 1945, maza na fagen daga, mata suka shiga masana'antu, kuma inji ya fi keke mugunta. Duk da haka a 1938 wani alƙali a Los Angeles ya yanke wa wata malamar makaranta, Helen Hulick, kwana biyar a kurkuku don ta zo ba da shaida da wando. Majalisar Dattawan Amurka kuwa sai 1993 ta sassauta wa mata kan sa wando, bayan sanatoci Barbara Mikulski da Carol Moseley Braun sun shigo zauren da nasu.

Na'am, Malama, ga makirufo nan.

(Wata daga cikin masu sauraro ta ce ai matan Turkiyya da Indiya sun daɗe suna sa wando.)

Allah ya saka da alheri, Malama, kin kama ni. Haka ne, matan Farisa, da na Daular Usmaniyya, da na Indiya, da manoman Sin, ƙarnuka suna sa wando ba wanda ya nemi takarda a hannunsu. A can shi ne ma shigar kamun kai. Wandon Bloomer ɗin nan, shigar Turkawa ake ce masa a lokacin, daga can aka kwaikwayo shi. Tun 1717 matar jakadan Ingila a ƙasar Usmaniyya, Lady Mary Montagu, ta rubuta wa 'yar'uwarta wasiƙa tana yabon wandon da ta sa a can, tana cewa ya fi shiminsu rufe ƙafa. Na huɗun kuma mai tsara tufafi Yves Saint Laurent ne da kwat ɗinsa ta mata mai wando ta 1966, amma shugaban taro ya riga ya miƙe tsaye.