Laccar da aka yi a Kaduna kan magimfa

To jama'a assalamu alaikum, na baya kuna ji na ko? Madalla.

Wannan reshen da ke hannuna magimfa ce, wasu su ce majimfa. In kun duba furen za ku ga sak na wake, fari ko shuni-shuni, kwansonta ma na wake ne sai dai gashi ya lulluɓe shi, shafa ka ji kamar karan-miski. Dangin wake da gyaɗa ce, kuma 'yar gida ce, nan Afirka ta fito. A boko Tephrosia vogelii ake ce mata, sunan wani Bajamushe ne Vogel da ya shigo kogin Kwara a 1841 yana tattara tsirrai, shekarar ma ya rasu. Kakanninmu sun riga shi saninta, amma shi aka sa wa suna, to haka abun yake.

Yawancinku da kifi kuka san ta. A daka ganyen a turmi a watsa a kududdufi da rani lokacin da ruwa ya ja baya, kafin wani lokaci sai ka ga kifi ya taso yana juya cikinsa sama, yara na kwasa da kwarya. Sinadarin da ke ciki dangin rotinon ne, wata guba da ake samu a wasu tsirrai, ta wurin numfashin kifin yake shiga ya hana jikinsa amfani da iska. Matsalar ba ya zaɓe, babba da ƙarami da 'ya'yan da ko yatsa ba su kai ba duk tafiya suke, shi ya sa dokar kamun kifi ta 1992 ta hana zuba guba a ruwa. Don Allah masu zuwa kogin Kaduna ku ji wannan.

Ni a gona nake son ganinta wallahi. Tuge ta ka duba saiwar, akwai 'yan ƙulle-ƙulle, su ne ke jawo naitirojin daga iska su aje a ƙasa, abun da muke sayen yuriya dominsa da tsadar nan. Ruwan ganyen yana kashe kaska a jikin shanu, garin busasshen ganyen kuma yana korar ƙwarin wake a buhu. Rana na kashe ƙarfin sinadarin cikin 'yan kwanaki, shi ya sa da yamma ake feshi.

Baba na ga ka ɗaga hannu, kana tambaya ko tana cutar da mutum, eh guba ce, a rufe hanci in ana daka, a wanke waken sosai kafin a dafa, kuma kar a wanke bokitin a rafi.