Bayan guguwar Sandy: yadda New York ta sake gina bakin tekunta

Assalamu alaikum jama'a, ku matso gaba akwai kujeru. To yau misali ɗaya zan riƙe, birnin New York a Amurka. Ran 29 ga Oktoba 2012 guguwar Sandy ta afka musu, kuma ta zo ne daidai cikar wata lokacin da teku ke tumbatsa, sai iska ta yi ta turo ruwa cikin gari, a Battery can ƙarshen Manhattan ruwa ya kai kusan ƙafa 14. Mutum 44 suka rasu a birnin, asarar dukiya kuwa wajen dala biliyan 19.

Ku duba tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta South Ferry. Sabuwa ce fil, 2009 aka buɗe ta, amma ruwan gishiri ya cika ta maƙil ya cinye wayoyi da na'urori, ba a sake buɗe ta ba sai 2017, wannan karon da ƙofofin ƙarfe na tare ruwa.

Amma ni inda ya fi burge ni Rockaway ne, wani yanki na bakin teku a Queens, ɗaya daga cikin gundumomin birnin. Suna da doguwar hanyar katako a bakin teku, ta shan iska, mil 5 da rabi, ruwa ya ɗaga katakon ya watsa shi cikin unguwa. Da a ce sun mayar da katako yadda yake, ai kun ga kuɗi ne aka zuba wa teku. Sai suka yi ta da kankare a kan ginshiƙan ƙarfe, suka ɗaga ta sama, suka sa katanga a ƙarƙashi mai riƙe yashi, gabanta kuma tudun yashi da aka dasa wa ciyawa don saiwa ta kama shi. Wato hanyar yawo ce kuma garkuwa ce ga gidajen da ke bayanta. Ita ma 2017 aka gama.

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna fa. A East River Park, wani filin shaƙatawa a bakin ruwa a Manhattan, cewa aka yi sai an cike filin da ƙasa an ɗaga shi ƙafa 8 zuwa 10 don tare ambaliya, cikin babban aikin kare gaɓar yankin na dala biliyan 1.45 gaba ɗayansa, kuma hakan na nufin sare ɗaruruwan bishiyoyi, mutanen unguwa suka yi zanga-zanga har kotu aka je, gwamnatin birni dai ta ci gaba da aikinta. To Malam na can baya, na ga hannunka, bismillah.