Amsoshin Tambayoyinku: Ƙullin Rage Tsawon Igiya a Jirgin Ruwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Takardarmu ta farko daga wani matuƙin ƙaramin jirgin ruwa ta fito, yana tambaya ko ƙullin da ake yi don rage tsawon igiya ba tare da an yanke ta ba yana da amfani a wurin aiki, ko kuwa a wurin koyo kawai yake ƙarewa.

To, malam, ƙullin da kake nufi shi ne wanda Turawa suka ba sunan da ke nufin ƙwabrin tunkiya. Ana ninke tsakiyar igiyar gida uku, ta yadda kunne zai fito a kowane gefe, sannan a yi wa kowane kunne zarge ɗaya da igiyar da ta wuce. Idan ka ninke mita 3 suka koma mita 1, ka rage kimanin mita 2 ke nan, alhali bakunan igiyar biyu suna nan ɗaure inda suke. Amfaninsa a bayyane yake lokacin da kake jan wani jirgi a baya, kuka shigo wuri mai ƙunci, kana tsoron kada rarar igiyar ta nutse ta naɗe farfelar inji.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan da kyau. Ƙullin nan ba ya zama sai igiya tana miƙe da nauyi a kanta, shi kuwa ruwa ba ya barin igiya a hali guda, domin igiyar ruwa ɗaya za ta ja ta ta yi tsantsan, ta biyu kuma ta sake ta ta yi laƙwas. Da ta saki, za ka ga zargen ya buɗe baki kaɗan, kunnen ya fara zamewa, kafin ka ankara ƙullin ya warware gaba ɗaya. Igiyoyin nailan na zamani sun fi saurin yin haka saboda santsinsu. Idan dole ta sa ka yi shi, ka soka guntun sanda a kowane kunne, ko ka ɗaure kunnen da siririn zare, kuma kada ka ɗauke ido daga kansa. A ganina bai kamata a kwana da jirgi ɗaure da wannan ƙulli ba. Abin da ya fi shi ne ka jawo rarar a wurin maɗaurin jirgin, ka ɗaure a can, ka naɗe sauran.

Wata mai sauraro kuma ta tambaya ko za a iya ɓoye wurin da igiya ta ci a cikin ƙullin. Malama, ana yin haka, da sharaɗin wurin da ya lalace ya faɗa a ninkin tsakiya, amma dabara ce ta isa gaɓa kawai, domin kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani ma har kusan rabi. Da kin isa, ki yanke wurin ko ki sake igiya.

Tambaya ta ƙarshe a kan igiyar anga ce, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya tsayar da jirgi wuri ɗaya, ko ya dace a rage ta don kada jirgi ya riƙa yawo. Kada a yi gaggawar hakan. Anga tana kama ƙasa ne idan jan ya zo mata a kwance, shi ya sa matuƙa suke sakin igiya mai tsawon ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan. Idan aka gajarta ta, jan zai koma ta sama, angar ta tumɓuke, iska ta tafi da jirgin.