Amsoshin Tambayoyinku: Rina a Ƙarƙashin Kwano

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga wata Hajiya ce a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Ta ce rina ta yi gida a ƙarƙashin kwanon barandarsu, samarin gidan kuma na shirin jiƙa tsumma da kananzir su cinna mata wuta.

Hajiya, don Allah ki hana su. Gidan rina itace ne da ta tauna ta kwaɓa da yawu, nan take yake kamawa, ga shi a jikin katakon rufi yake rataye, wani lokaci kusa da wayar lantarki. A Zango, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, wutar ba a gidanki za ta tsaya ba.

In gidan rinar bai wuce tafin hannu ba, a bari sai bayan isha'i ko kafin asuba, lokacin duk sun dawo sun lafa. A zuba babban cokali 2 na sabulun ruwa cikin lita 1 na ruwa, a ɗura a gorar feshi. Mai aikin ya sa riga mai kauri da dogon hannu, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya rufe wuya da fuska. Tocila a ajiye ta gefe, kada a riƙe a hannu, domin haske suke bi. A jiƙe gidan sharaf. Sabulun na toshe ƙofofin da suke numfashi ta jikinsu. Washegari, in ba motsi, a kankare shi har ƙaramar wutsiyar da ta riƙe shi. Kada a hau tsani: harbi ɗaya ya isa ya sa mutum ya saki hannu. In kuwa ta rami suke shiga silin, kada a toshe ramin, sai su nemo hanya ta cikin ɗaki. Wannan aikin masu feshi ne.

Wani tela a Asawase yana tambaya kan zanzaro da ke gina laka a bangon shagonsa. Malam, wannan ba mafaɗaci ba ne, sai an matse shi yake harbi. Kankare ginin da wuƙa ya wadatar.

Sai wata uwa daga Tafo: an ce ta shafa wa ɗanta kananzir inda rina ta harbe shi. A'a, Mama. Ki wanke wurin da sabulu, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 10, ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Rina ba ta cika barin ƙari ba, saɓanin ƙudan zuma, shi ya sa take iya maimaita harbi. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya kama shi, ko a cikin baki aka harbe shi, ki kira lambar gaggawa 112 ko ki tare mota zuwa asibiti mafi kusa, ko kuma asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye. Allurar adirenalin yake bukata, cikin mintuna.